Yadda ake zaɓen kuben fata na libarba, da abin da za ka faɗa wa baduku

Jama'a assalamu alaikum. Maganar kuben libarba, ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, nake so mu yi, wato gidan fatar nan da ake ratayawa a ƙugu, don abin da nake gani a ƙugun wasu mutane a Marwa da Garwa yana ɗaure min kai wallahi. Mutum zai sha wahalar neman takarda, yau wannan ofis gobe wancan, ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi bindiga mai kyau, daga ƙarshe kuma sai ka gan shi ya zura ta cikin wata jakar fata lagwai-lagwai wadda aka yi wa zane da tuntaye, tana lilo a gefensa, kunama a waje kowa na gani. In ka yi magana ya ce ai fatar Marwa ce. Eh fatar Marwa ce, babu mai musun kyanta, amma ba kowace fata ce ta dace da wannan aikin ba.

Kafin mu yi nisa, da mai izini nake magana. A Kamaru akwai doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016, ita ta tsara sha'anin makamai da harsasai, kuma farar hula ba ya sayen bindiga ko ya ɗauke ta sai da izinin hukuma a rubuce. Wanda ba shi da takarda toh ba kube ne matsalarsa ba, musamman a yankinmu da ba ka tafiya mai nisa ba ka tarar da shingen jami'an tsaro ba. Masu kaki kuma, jandarma ne ko polis ko duwan (kwastan) ko masu tsaron daji, ku fara tambayar na gaba da ku ko an yarda a canza kuben da aka ba ku, kar a ce ni na zuga ku.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne yawancin libarba ba su da wani makulli da ake turawa a hana su tashi. Abin da ke tsare ta shi ne nauyin kunamar, wadda sai ka ja da ƙarfin kusan kilo 5 kafin ta harba in guduma, ƙarfen nan na baya da ke dukan harsashi, na kwance, in kuwa an ɗana guduma baya to kilo 2 ko ma ƙasa da haka ya isa. Kaga kenan kuben shi ne makullin. Dole ya rufe kunama da zoben da ya kewaye ta ruf, ta ciki da ta waje, yadda yatsa ko bakin riga ko zariyar wando ko reshen ƙaya ba za su samu hanyar shiga ba. Akwai wani tsohon salo na Amurka da ake kira Threepersons, tun wajen shekarun 1920, wanda yake barin kunama a fili don a yi saurin zarowa, za ka gan shi a hotuna yana da kyau sosai, kar ya ruɗe ka. Kai ba fim kake yi ba, kasuwa za ka shiga cikin cunkoso, moto (babur) za ka hau, yara za su rungumo ka a ƙofar gida.

Sai kuma ka san bindigarka da kyau, don ba a cewa kawai a ba ni kuben libarba. Kube na bindiga ɗaya ake yi wa shi. Kamfanin Smith & Wesson alal misali ya kasa nasa gida-gida da haruffa: J ita ce ƙarama mai cin harsashi 5 irin su Model 36, K matsakaiciya mai cin 6 irin su Model 10 wadda asalinta tun 1899 ake ƙera ta, sai L irin su 686, sai N babbar yaya irin su Model 29. Bambancin yana wurin gangar nan mai juyawa da ake zuba harsashi ciki, ta J kaurinta wajen milimita 33 ne, ta K wajen 37, ta L wajen 40, ta N kuma ta haura 43. Za ka ce milimita 3 ko 4 me za su yi, toh su ne komai, in ka sa K a gidan L za ta riƙa kwaram-kwaram tana goge jikinta, in ka tura L a gidan K da ƙarfin tsiya ka buɗa shi ka ɓata shi gaba ɗaya. Haka Manurhin MR 73 ta Faransa da aka fara yi a 1973, da Ruger GP100, da Taurus ta Barazil, kowace da surarta, ko sun yi kama a ido ba ɗaya ba ne.

Ka auna tsawon bututu, kuma a libarba daga fuskar ganga ake aunawa zuwa bakin bindiga. Da inci ake faɗa, 2 ko 3 ko 4 ko 6, inci ɗaya santimita 2.54 ne, wato mai inci 4 ta ɗan haura santimita 10. Kuben ya rufe bututun har ƙarshe. In baki ya leƙo ta ƙasa, ɗan ƙahon saitin nan na gaba zai riƙa maƙalewa a gefen fata lokacin zarowa, kuma in ka zauna bakin zai tokari kujera ya turo bindigar sama. Sannan ka duba ƙarƙashin bututu, wasu sandar fitar da kwanson harsashi a fili take, wasu an yi mata gida rabi, wasu kuma ƙarfen ya tafi har baki kamar na 686, duk wannan yana canza faɗin kube. Ka duba saitin baya ma, in irin wanda ake juyawa da sukurdireba ne mai tsini a sama, sai an bar masa wuri.

Yanzu mu zo kan fata, inda nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Mu a nan Allah ya hore mana majema da dukawa, duk wanda ya shiga wurin masu sana'ar hannu kusa da babbar kasuwar Marwa ya san ba wasa ba ne, jakunkuna, takalma, matasai, kuben wuƙa da na takobi, har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa saye. Amma gwanintarmu ta fi ƙarfi a fatar akuya da ta tunkiya, masu laushi masu shan rini, kuma laushin nan da ake yabo a jaka shi ne aibi a kuben bindiga. Abin da kake nema ƙirgi ne, fatar sa, mai kauri kamar milimita 3 zuwa 3 da rabi, jimar bagaruwa ko wata jimar itace irinta. In daga waje kake odar kaya za ka ga sun rubuta 7 zuwa 9 oz, ma'aunin kauri ne nasu, oz ɗaya wajen milimita 0.4, kusan abu ɗaya ne da abin da na faɗa.

Dalilin jimar bagaruwa guda biyu ne. Na farko ita ce fatar da in aka jiƙa ta aka danna ta a jikin abu, ta bushe, sai ta riƙe surar abin nan ta tsaya ƙyam. Na biyu ba ta da gishirin kurom, sinadarin da masana'antu ke jima da shi. Yawancin fatar masana'anta da ake yin jaket da kujerun mota da saman takalmi jimar kurom ce, tana da laushi, ba ta riƙe sura, kuma masu sana'ar kube sun daɗe suna gudunta saboda in ta haɗu da danshi tana ɓata ƙarfe. Gane ta ba wuya. Ka ce wa mai kaya ya yanko maka ɗan ƙyalle daga gefe, ka dubi tsakiyar yankan a cikin haske, in ka ga ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi kurom ce, in ruwan ƙasa ne daga sama har ƙasa jimar itace ce. In kana da ashana ka ƙona guntun, ta kurom tana barin toka mai kore-kore, ta bagaruwa baƙin gawayi take zama. Ita kuwa fatar roba da ta cika kasuwa, wadda in ka juya bayanta za ka ga saƙar yadi, ba ma sai mun ɓata lokaci a kanta ba.

Amma fa jimar gida ma tana da nata abin dubawa, kar ka ce tunda bagaruwa ce shikenan. Fatar sa tana da kauri, tana son lokaci a cikin ruwan jima, in majemi ya yi gaggawa sai bagaruwa ta ci sama da ƙasa ta bar tsakiya. A wannan yankan da na ce a yi maka, in ka ga wani siririn layi fari-fari ko mai sheƙi a tsakiya, ɗanyar fata ce ba ta jemu ba, yau za ta yi tauri ka ji daɗi, ran da ta sha ruwa ta bushe sai ta murɗe ko ta tsage. Ka shinshina, fatar da ta jemu ƙamshin itace take yi, in kana jin ɗoyi-ɗoyi ajiye ta. Ka matsa da yatsa, in mai yana fitowa ko ta bar maiƙo a hannunka an cika mata mai, ba za ta tsaya ba. Ka juya cikinta ka duba inda wuƙar mahauci ta zame lokacin fiɗa, irin wurin ya yi siriri ko da ta waje ba a gani, haka tabon lambar wuta da makiyaya ke yi wa shanu. Kuma ka nemi a yanka maka daga gadon baya ko kafaɗa, fatar ciki sakwa-sakwa take tana miƙewa, dukawa sun san wannan sarai, kawai in ba ka tambaya ba za a ba ka abin da ya saura.

Wasu na son a lulluɓe da fatar kada ko ta mesa ko guza. Kwalliya ce kawai, ƙarfin yana wurin ƙirgin da ke ƙasa, ga kuma rigimar takardun namun daji da za ka iya jawo wa kanka in za ka ƙetare iyaka da shi. Ni dai ban ga amfaninsa ba.

Rini ma a yi hattara. Jan karan dafi da baƙin kuloko suna da kyau, amma a tsaya da su ta waje, cikin kube a bar shi yadda Allah ya yi shi. Ka jiƙa farin tsumma ka goga a jikin fatar da ƙarfi, in ya ɗauko launi toh haka farar shaddarka za ta ɗauka ranar Juma'a in gumi ya keto maka.

Akwai masu son a yi wa ciki shafi da fata mai gashi-gashin nan mai laushi wai don kar bindiga ta goge. A ƙasar da ba ƙura wataƙila, amma mu da hunturu ke shigowa daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar da har cikin akwati take shiga, wannan laushin tara ƙura yake yi da rairayi, ya haɗu da man bindiga ya zama sanfefa, duk sawa da cirewa kana kankare baƙin jikin ƙarfen da hannunka. In dole sai an yi shafi a yi da siririyar fata mai santsi, ita ma jimar itace, fuskarta mai sulɓi tana kallon bindiga, ka ga wannan ko da tsumma za ka share. Saboda ƙurar nan ne ma na fi son kube mai buɗaɗɗen ƙasa, abin da ya shiga ya zube da kansa. Wanda aikinsa daji ne, yana zama a ƙasa yana rarrafe a ciyawa wajen Benuwe ko Faro, shi rufaffen ƙasa ya fi masa don kar laka ta toshe baki, amma a huda ƙaramar kafa ta fitar ruwa.

Sai maganar inda za ka rataya, kuma a nan kayan da kake sawa su za su yanke hukunci ba hoton intanet ba. Turawan da suka ƙirƙiro yawancin salon nan wando da bel suke sawa kullum, riga a cusa ciki. Mu kuwa jamfa ce har gwiwa, ko kaftani, ko babbar riga, da wando mai zariya. Zariya ba ta ɗaukar bindiga, a bar wannan maganar. Model 10 mai inci 4 ta kusa kilo ɗaya ba harsashi, GP100 ta haura kilo, ko ƙaramar Model 36 ta wuce rabin kilo. Don haka in kayan gida kake sawa dole ka ɗaura bel daban a saman wando, shi kaɗai, na ɗaukar kube.

Wanda ya fi sauƙi ga yawancin mutane shi ne na waje a ƙugun hannun da kake aiki da shi, ɗan bayan ƙashin ƙugu kaɗan. A cikinsu akwai shimfiɗaɗɗe, fata biyu a haɗe gaba da baya da kunnuwa biyu da bel ke ratsawa, wani Ba'amurke Roy Baker ya fito da shi a farkon shekarun 1970, yana jawo bindiga ta manne da jiki kuma yana raba nauyi wuri biyu, ga libarba da gangarta ke da tudu ban ga kamarsa ba. Akwai naɗaɗɗe mai madauki ɗaya a baya, ya fi sauƙin ɗinki kuma shi dukawanmu suka fi sabawa da shi don ya yi kama da kuben wuƙa, sai dai yana ɗan nesanta da jiki kuma in madaukin ya yi faɗi yana lilo. Na cikin wando kuwa, gaskiya a zafin Maris da Afrilu da ake haura digiri 40 a Marwa da Kusiri da Njamena, gangar libarba a matse da fatar jikinka wuni guda azaba ce, gumi kuma gishiri ne, zai ratsa fata ya isa ƙarfe. In ka nace sai shi, a ɗaga fatar bayan ta yi tsawo ta shiga tsakanin jikinka da guduma, kuma a ƙara wa bakinsa wata fatar don kar bel ya matse shi ya rufe.

Mai yawan zama a mota ko kan moto, hanyar Garwa zuwa Ngaundere misali, zai ji daɗin na gaban ƙugun ɗaya gefen, wanda ake miƙa hannu ta gaban ciki a zaro, don kujera ba ta tokare shi. Aibinsa shi ne lokacin zarowa baki yana bi ta kan hannunka ɗaya da duk wanda ke gefenka, sai da horo. Na hammata mai igiya a kafaɗa shi ma haka, yana shiga ƙarƙashin babbar riga lafiya lau, amma wurin gumi ne, kuma wanda yake kwance bakinsa na kallon mutumin da ke bayanka a sahu ko a mota. Ka yi tunanin wannan da kyau kafin ka ce shi kake so.

Karkata ma abin faɗa ne. In kube zai zauna daidai gefe, a miƙe ya fi. In zai koma baya kaɗan a karkato mariƙin gaba kamar digiri 15, hannu ya fi samunsa. Duk yadda aka yi, ka tabbata yatsunka uku suna zagaye mariƙi gaba ɗaya tun bindiga tana ciki, ba fata ko bel da ya tare su. In sai ka zaro da yatsa biyu sannan ka gyara riƙo a iska, kuben nan bai yi ba.

Maɗauri fa? Kuben da aka danna da kyau yana riƙe bindiga da kansa, amma wanda ke hawa moto a hanyoyinmu masu ramuka, ko doki, ko mai shiga taro, ya sa maɗauri. Mafi kyau shi ne wanda ya bi ta kan guduma, maɓallinsa yana ta ɓangaren jiki, babban yatsa ke ture shi yayin da hannu ke sauka kan mariƙi, kuma a sa ɗan ƙarfe ko fata mai tauri a harshen don ya ɓalle da turi ɗaya. A guji siririyar igiyar da ke bi ta bayan zoben kunama, irinta ce ke faɗawa cikin zoben lokacin mayarwa. Mai murfi gaba ɗaya irin na sojan da, yana kare ruwa da ƙura fiye da kowanne, jinkiri ne kawai da shi, ga mai gona ko mai daji ba laifi.

Bel ɗin kansa rabin aikin ne, mutane ba sa yarda sai sun gwada. Ka sayi kube na kirki ka rataya a bel ɗin gwanjo mai laushi, zai kife waje, ya ja wando ƙasa, kafin la'asar bayanka na ciwo. A yi maka na ƙirgi ninki biyu a ɗinke, faɗin milimita 38 ko 44, kuma a yanka ramukan kuben daidai faɗin wannan bel ɗin, ba ƙari. Mafi alheri mutum ɗaya ya yi su tare.

Toh yanzu ka yanke shawara a gida za a yi, ya za ka yi da baduku? Kar ka kinkimi bindiga ka kai rumfar kasuwa ka bari a can wai a gwada, ko da takardarka, ita ba ta barin hannunka. Ka cire harsasai, ka buɗe ganga ka duba da ido ka sa yatsa ka taɓa kowane rami, ka kai harsasan wani ɗaki, sannan ka kwantar da ita a kan kwali ka zana gefenta da fensir a tsaye, ka auna kaurin ganga da na bututu da na jiki ka rubuta. Ka kai wa kafinta ko masassaƙi ya fitar maka da irinta ta itace daidai ma'auni, tudun ganga da zoben kunama da ƙahon saiti duk su fito, a bar ta farin itace ba fenti don kar wani ya gani ya tsorata. Wannan itacen shi za ka ba baduku. Can ƙasashen waje ma da gunkin roba ko na alminiyom masu kube suke aiki.

In ka je ka gaishe shi yadda ya kamata, yawancinsu dattawa ne da suka gaji sana'ar, ba a zuwa musu da gadara. Ka ce, Baba aiki na kawo amma mai ɗan rigima ne, ƙirgi nake so na gadon baya, kar a sa masa mai, kar a yi zane a inda ganga za ta zauna. Zai jiƙa fatar, ba sharkaf ba, ta yi sanyi dai ta yi laushi, ya naɗe itacen da leda ya zura, sannan ya bi da ƙaho ko ƙashi mai santsi yana dannawa a bayan ganga da gefen zoben kunama da tsawon bututu har sura ta fito raɗau. Wurin zoben ne riƙon yake, amma kar a danna ciki sosai har fata ta taɓa kunama. A sa ɗan siririn kara a saman bututu daga ƙahon saiti zuwa baya kafin a danna, shi zai bar hanyar da saitin zai bi. A shanya a inuwa inda iska ke bi, ba a ranar Marwa ba, ba kusa da murhu ba, rana tana ƙona jiƙaƙƙiyar fata ta yi ƙaras ta karye.

Ɗinki da hannu, allura biyu zare ɗaya suna gicciye a kowane rami, zaren nailan mai kauri da aka shafa wa kakin zuma, tazara kamar milimita 4. Irin wannan ko wuri ɗaya ya tsinke sauran ba ya warwarewa kamar na keke. A fara jan ɗan kwari a fatar don zaren ya nutse ciki kar ya riƙa gogar riga, in naɗaɗɗe ne kuma a sa siririn yankin fata a tsakanin leɓɓan biyu kafin a ɗinke. Duk wani ƙarfe, maɓalli ne ko ƙusa, bayansa da ke ciki a rufe shi da fata. Ka zura yatsa ka shafa ko'ina, abin da ya karci yatsanka zai karci bindigarka.

Ranar karɓa kar ka biya cikon kuɗi sai ka kai gida ka gwada, ku yi wannan yarjejeniyar tun farko. Bindiga ba harsashi, ka sake dubawa ko da ka duba ɗazu. Ka zura, ya kamata ta shiga da ɗan tauri ta zauna daram. Ka kife kuben a saman katifa ba tare da ka ɗaura maɗauri ba ka ɗan girgiza, kar ta faɗo. Ka gwada cusa ɗan yatsa ta kowane gefe ko zai kai ga kunama, ka matsa fatar ta waje a daidai wurin ko za ta lotsa. Ka cire bindiga ka matse bakin kuben da yatsa biyu, in ya rufe ya zauna a rufe ka mayar masa da kayansa, don kuben da sai ka sa ɗaya hannun ka buɗe bakinsa, kullum bakin bindiga zai bi ta kan yatsunka. Sannan ka ɗaura da kayan da ka saba sawa, ka zauna a tabarma, ka tashi, ka durƙusa kamar za ka yi alwala, ka hau moto a tsaye, ka ji inda yake cizo. Wurin mayarwa kuma a hankali, yatsa a miƙe nesa da kunama, babban yatsa a kan guduma, ɗaya hannun ya tattare jamfa sama, ido na kallo, kuma ba a taɓa mayar da ita guduma a ɗane.

Wanda zai yi oda daga waje, daga kamfanonin kube irin su Galco ko Bianchi ko DeSantis, duk gwajin nan ɗaya ne, ƙari kawai ka karanta sunan samfuri da tsawon bututu da hannun dama ko hagu sau biyu kafin ka tura kuɗi, don mayar da kaya daga nan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda aka rubuta wai yana shiga kowace bindiga kuwa ka wuce shi, araha ba ta ado.

Sabon kube in ya yi matsi da yawa alama ce mai kyau. Kar ka jiƙa shi, kar ka shafa masa man kaɗe ko man gyaɗa ko bakin mai, wannan shawarar da ake bayarwa a majalisa ita ke kashe kube, mai yana sassauta fata ne har abada. Ka sa bindigar da ba harsashi cikin leda ninki ɗaya ko biyu, ka tura ciki, ka kulle a akwati ta kwana, da safe ka cire ledar ka gwada, in bai isa ba a ƙara kwana. Daga nan sawa da cirewa za su gyara sauran. Kulawarsa kuma kaɗan ce, busasshen tsumma ciki da waje, ɗan man goge takalmi mara launi ko kakin zuma ta waje jefi-jefi. In ruwan sama ya doke ka cire bindiga ka share ta ka sa mata mai, kuben ya bushe da kansa a inuwa da itacen nan a ciki.

Kar ka mayar da kube ma'ajiya. Fata tana shan danshi daga iska, da damina musamman wajen Ngaundere da ruwa ya fi yawa, in ka bar bindiga ciki sati biyu za ka tarar da jan tsatsa a kan ganga daidai inda fata ta taɓa, ko mai farin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa ba ta tsira gaba ɗaya ba. Da dare a raba su, ita a akwati mai makulli inda yara ba sa kaiwa, harsashi a wani wurin daban. Harsasan da ake jerawa a madaukan bel na fata ma haka, kwanson tagulla yana yin koren datti mai danƙo in ya daɗe a jikin fata har ya ƙi shiga ganga, a riƙa cire su ana gogewa.

Duk wata ka ɗauki kuben ka dube shi a haske, musamman leɓen da ke daidai kunama da ramukan bel da maɓalli. Ɗinki in ya saki baduku zai gyara, maɓalli ana canzawa. Amma in fatar bakin ta yi laushi ta fara lanƙwashewa ciki, wannan ba ya gyaruwa, lanƙwasar tana iya shiga zobe ta danna kunama lokacin da kake mayarwa, a yanka kuben biyu don kar wani ya tsinta ya yi amfani da shi, ka ɗauki itacenka ka koma wurin baduku a yi sabo.